Guruf ɗin dangi ya cika, ɗakin kaka babu kowa

Da wuya ka samu matashi mai babbar waya da ba ya cikin guruf ɗin dangi a WhatsApp. Akwai na zuri'a gaba ɗaya, akwai na 'yan ɗaki ɗaya, akwai kuma na jikoki zalla wanda aka buɗe don a sake ba tare da idon kawu ba. A nan ake sanar da haihuwa, a tura katin biki, a nan kuma ake jin mutuwa. Kafin a gama wankan gawa saƙonnin ta'aziyya sun cika guruf, wasu kwafowa aka yi, wasu ma sitika ce kawai. Amma leƙa gidan makokin ranar uku ka ƙirga matasan da suka zo da ƙafarsu.

Ba yau Bahaushe ya fara nisa da gida ba. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, har aka samu zango a Kumasi da Akara. Alhazai sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna can, kamar mutanen Mai Wurno. A lokacin, saƙon baki ne da wasiƙa, daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset a bai wa mai tafiya gida, ko a aika gaisuwa ta gidan rediyo. Wayar salula ta GSM ba ta zo Najeriya ba sai 2001. Don haka ɗalibin da ke karatu a Masar ko Indiya, da baiwar Allah da ke aiki a Jidda, da ɗan kasuwar da ya je sarin kaya China, idan yau suka ga fuskar mahaifiyarsu ta kiran bidiyo, wannan rahama ce, babu mai ja.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da ya dace da na nesa, mu na kusa muka rungume shi. Wanda ke Jidda yana da uzuri. Kai da kake Kurna, gwaggonka tana Hotoro, rabonka da ita tun ƙaramar Sallah, mene ne naka? Za ka ce kuɗin mota, kuma da gaskiyarka: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shiga adaidaita sahu ya zama sai an yi lissafi. To amma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data, ba mu ga wanda ya yi yajin TikTok ba.

Da iyayenmu suka ce zumunci a ƙafa yake, ba wahala suke so mu sha ba. Akwai abin da ido ke gani wanda ba a rubutawa. Babu matar da za ta shiga guruf mai surukai da jikoki ta ce yau ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Kunya ba za ta bar ta ba. "Lafiya lau, alhamdulillahi" za ta rubuta. Sai ka shiga gidan ne za ka ga murhu a sanyaye da azahar, ka ga yaro a gida ranar makaranta saboda an koro shi kuɗin zango, ka ga ƙafar baffa ta kumbura shi kuma ya ce ba komai. Wanda ya je ne yake cusa dubu biyu ƙarƙashin tabarma, ya fita ya kira yayansa ya ce akwai matsala fa. Ta haka dangi suke riƙe mai rauni a cikinsu tun kafin a san wani abu wai shi inshora. A guruf kuwa kowa hoton anko yake ɗorawa.

Sannan su wa aka bari a baya? Tsofaffi. Kaka mai ƙaramar waya mai tocila ba ta cikin guruf, ga shi duk labarin zuri'arta can ya koma. Sai a sa ranar auren jikarta, 'yan Landan su sani, ita da ke cikin gari sai daga baya. Ita ce kuma ta san wane ɗan wane ne, ta san yadda aka haɗa jini da mutanen Maraɗi, ilimin da babu shi a Google.

Ko rigima ma ta sauya salo. Da, in 'yan'uwa suka saɓa, sai an zauna gaban babba, kuma ganin ido kan sa a haɗiye wata maganar. Yanzu saƙon murya na minti bakwai, a ɗauki hoton hira a watsa, wani ya fice daga guruf, wani ya yi bulokin. Shi ke nan, gaba ta ƙullu.

Kada mu manta kuma zauren nan na aro ne. Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19, hedikwatarsa tana Kalifoniya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A watan Satumban shekarar, an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, mutane suka koma aika saƙo ta hannun direbobi da matafiya. Wanda bai san ƙofar gidan ɗan'uwansa ba, ina zai ce a kai?

Ba mu ce a goge guruf ba. Kiranmu ga admin-admin ne: ku rubuta sunayen dattawan zuri'a da ba sa WhatsApp, ku raba su tsakanin matasan da ke gari ɗaya da su, kowace Juma'a bayan masallaci wani ya leƙa. Na ƙasar waje su turo kuɗin mota.