"Kamar Yadda Aka Turo Mini": Uzurin Da Ba Zai Fisshe Ka Ba

  

Ya ku 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da ya kamata mu binne ta, wato: "Ni dai yadda aka turo mini haka na tura." Mai faɗinta yana zaton ya kuɓuta. Ni kuwa ina cewa duk wanda ya tura saƙo a WhatsApp ko Facebook ya zama mai ruwaya, kuma za a tambaye shi abin da ya ruwaito.

Mu tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA). Munafuki Abdullahi bin Ubayyu ne ya jagoranci ƙaryar, amma cikin waɗanda suka maimaita ta har da muminai na ƙwarai. Madina ta yi wata guda cikin ƙunci kafin ayoyin Suratun Nur su sauka, suna tsawatar wa masu karɓar magana daga baki zuwa baki suna ɗaukarta ƙaramin abu. Babu wanda aka yi wa uzuri don ya ce shi ma ji ya yi.

A wancan zamani harshe maƙwabci kawai yake kai wa. Yau yatsa ɗaya yana kai wa dubbai cikin minti guda. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Nijeriya, saƙo ya bazu a wayoyi cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu bayan sun sha. Masu turawar nan ba makasa ba ne, iyaye ne da 'yan'uwa masu tausayi. To ina tausayin ya kai su?

Wani zai ce, "Ai niyyata alheri ce, musamman idan hadisi ne." Wannan ita ce hujjar waɗanda suka ƙirƙiro hadisan falalar surori wai don su kwaɗaitar da mutane karatun Alƙur'ani, malamai kuma ba su karɓa ba. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa, Al-Maudu'at, don tona irin waɗannan ƙarairayi. Ashe al'ummar da ta gaji ilimin isnadi ce za ta riƙa yaɗa "tura wa mutum goma ka ga buɗi"? Subhanallah!

Yanzu abin ya ƙara muni, domin ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar malami ta sa masa maganar da bai faɗa ba. Ko ba ita ba, ana yanke daƙiƙa 30 daga karatun awa biyu a haɗa musulmi faɗa.

Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurce mu da bincike kafin mu cutar da mutane cikin jahilci. Saboda haka kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya faɗa? A ina asalinsa yake? Wa zai cutu idan ƙarya ne? In ba ka da amsa, bari saƙon ya mutu a wayarka.

Allah ya kiyaye harsunanmu da yatsunmu.