Ba 'Yan Wasa Kaɗai Ne Masu Laifi Ba

A watan Disamba na 2007 tsohon sanatan Amurka George Mitchell ya fitar da rahoton bincikensa kan amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi, wato sitiroyid, a babbar gasar besbol ta ƙasar. Wata ashirin ya yi yana tono, ya ambaci sunayen 'yan wasa 89, har da Barry Bonds da Roger Clemens.

A ganina binciken ya makara. Tun 1998, lokacin da Mark McGwire ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 70 a kaka ɗaya, ake ta raɗe-raɗi. Masu kulob suka yi gum, tunda filaye sun cika maƙil, kuɗi na shigowa. Sai a 2003 aka fara gwada 'yan wasa. Shi kansa Mitchell ba shi da ikon tilasta wa kowa ba da shaida, yawancin 'yan wasan ko kallonsa ba su yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran sakandare irinmu masu kwaikwayon taurarin nan. Ƙwayar tana illata zuciya da hanta, tana iya tsayar da girman matashi. An tona asirin 'yan wasa a jaridu, amma rahoton bai raba mai kulob ko ɗaya da kujerarsa ba.