Gyaran dandalin gari: a fara gwadawa da kujeru kafin a zuba siminti

Ƴan uwanmu mazauna birnin Niyok na Amurka sun san Times Square, inda titin Broadway ya karkato ya haɗu da wani babban titi. Shekara da shekaru wurin na motoci ne, masu tafiya a ƙasa suna matsuwa a gefe har su faɗo kan kwalta. A watan Mayu na 2009 magajin garin, Michael Bloomberg, da shugabar sashen sufuri, Janette Sadik-Khan, suka rufe wa motoci wani yanki na Broadway. Ba su kawo katafila ba. Shinge suka gitta, suka baza kujerun naɗewa masu arha, suka ce gwaji ne na ƴan watanni.

Direbobin tasi sun yi ƙorafi, wasu masu shaguna sun ce ciniki zai mutu. Da aka yi lissafi, rahoton hukumar birnin ya nuna raunukan masu tafiya a ƙasa sun ragu da kashi 35 cikin ɗari, na mutanen cikin mota da kashi 63. A watan Fabrairun 2010 aka ce rufewar ta zauna, sannan aka shiga aikin gini na dindindin, wanda aka yi bikin kammalawa a 2017. Wato sai da aka ga inda mutane ke zama da inda cunkoso ya koma kafin a kashe manyan kuɗi.

To, mu ma ba baƙin gyaran gari ba ne. Mun ga Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, albarkacin bikin 18 ga Disamba da ke zagaya jihohi a lokacin. An samu tituna da fitilu, ba mai musu. Amma aikin da ake yi wa gaggawa don ranar biki ba ya barin lokacin gwaji. Zane ke fitowa daga ofis, a gina shataletale da abin tarihi a tsakiya, a kewaye shi da ƙarfe. Kyau ga mai wucewa a mota. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye ran kasuwa da ƙwarya a ka, ita tsallakawa take nema tsakanin adaidaita da ƴan kabu-kabu da amalanke, da inda za ta ɗan huta.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu ƙaramar sana'a. A 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin titunan Yamai da sunan ƙawata birni, kuma mutane da dama ba su manta ba. Idan "dandalin masu tafiya a ƙasa" na nufin a kori mai shayi da mai ƙosai da mai tsire, to an yi fili babu mai zama, don su ne ke tara jama'a, fitilarsu ce ke sa mace ta bi wurin bayan isha'i hankali kwance. A ba su wuri sananne, su biya harajinsu, su share gabansu.

Akwai abin da ba za mu kwaso daga Niyok ba. Can itatuwa ba su ne gaba ba. Nan, cikin watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma siminti tsirara da tsakar rana ko akuya ba ta kwanciya a kai. Ciyawar ado mai shan ruwan famfo kullum ba tamu ba ce. Dogon yaro muke so, da wanda zai ba shi ruwa da kariya daga dabbobi shekarun farko. Tun 1975 muke dashen itatuwa kowace 3 ga Agusta. Kowa ya ƙirga nawa suka rayu a unguwarsa.

Don haka duk ma'aikatar magajin garin da ke shirin taɓa wani dandali, muna ganin ta fara da tayoyi da fenti da bencuna na wata uku, har da ranakun kasuwa. Ta zauna da ƙungiyar ƴan kabu-kabu da mata masu abinci, ta nemi adadin haɗurra wajen ƴan sanda kafin gwajin da bayansa, ta kawo mana mu karanta wa masu saurare.