Sha'anin Inuwa Da Farantin Sola A Ƙasar Kwatarkwashi

  

Tun ran 29 ga Mayu 1999 ba a yi ranar rantsar da shugaba da ta taɓa aljihun talaka kamar ta 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Nan da nan kuɗin mai ya ninka har wajen uku, injin wuta ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. A watan Oktoba 2024 kuma aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako. Saboda haka jama'ar Gusau da Tsafe da Bungudu suka koma ga hasken rana. Masallatai da makarantun allo, da masu cajin waya da masu sayar da ƙanƙara, duk wanda ya sami hali ya ɗora faranti bisa rufi.

Amma ana yawan jin kuka, wai faranti ba ya ba da wutar da aka rubuta a bayansa, har a tuhumi ɗan kasuwa da algus. Sau da yawa kuwa laifin na inuwa ne.

Ga yadda abin yake. Wanda ya dubi faranti zai ga an raba shi gida-gida kamar hatimi, galibi gida 60 ko 72. Kowane gida yana ba da wajen rabin bolt, an kuma ɗaure su a jere, wutar da ta fito daga wannan sai ta ratsa na gaba. Misalinsu kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaura a igiya guda: in ɗaya ya yi ɗingishi, dukan ayari sai ya bi tafiyarsa. Gidan da inuwa ta rufe yana tare wutar 'yan'uwansa, ya riƙa zafi, har wani lokaci ya ƙone.

Don gudun haka masu ƙira suka sa 'yan na'urori guda 3 cikin akwatin da ke bayan faranti, ana ce musu dayod. Kowace tana tsaron sulusin gidajen. In gida ɗaya ya dushe, sai ta buɗe wa wuta hanyar ratse, a tsallake sulusin nan gaba ɗaya. To, ga lissafi: faranti mai wat 300 da gida 60, ganye ɗaya ya rufe gida ɗaya ruf, an yi hasarar wajen wat 100. Kashi ɗaya cikin sittin aka rufe, sulusi ya tafi. In kuwa faranti yana tsaye, inuwar katanga ta kwanta bisa layinsa na ƙasa, ta taɓa sulusi ukun duka, wuta ta kusa ɗaukewa sarai. Hasara ba ta tsaya nan ba, gama batir mai dalma da ba ya cika kullum yana saurin mutuwa.

Maganin wannan yana hannun malamai tun dā, domin da inuwa suke sanin zawali da shigar la'asar, sun kuma san inuwar zawali tana tsawo tana gajarta bisa ga watanni. Kwatarkwashi tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana tsayawa bisa ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta. A watan Disamba kuwa takan karkata kudu ƙwarai, har katanga mai kamu 10 ta jefa inuwa wajen kamu 7 zuwa arewa da tsakar rana. Watau wanda ya kafa faranti da bazara ya ga rufi fes, yana iya tarar da inuwar bene ko hasumiya ko tankin ruwa a kansa da hunturu. Mazauna gindin Dutsen Kwatarkwashi suna da ƙarin abin lura: na yamma da dutse rana tana jinkirin isa gare su da safe, na gabas kuwa tana ɓace musu da wuri.

Abin da ya kamata shi ne a duba wuri tun kafin a biya kuɗi, daga hantsi har la'asar, a kiyaye gefen kudu musamman. A fuskantar da faranti kudu, a ɗan jingina shi kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsu su ma inuwa ne, sai a riƙa gogewa da ruwa da tsumma mai taushi da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi. Dogonyaro kuwa a rage masa reshe, kada a sare shi, domin ƙasar da hamada ke matsowa ba ta da itacen zubarwa. Inda inuwa ba ta kauce ba, a gaya wa mai haɗawa kada ya jera wannan faranti a igiya guda da sauran.

Akwai hakki bisa ɗan kasuwa kuma. Adadin wat da aka rubuta an auna shi ne cikin cikakken haske da sanyin digiri 25, alhali faranti a zafin Gusau yakan wuce haka nesa, ƙarfinsa ya ragu. Bayyana wannan ga mai saye yana cikin amanar ciniki. Haka nan wanda zai ɗaga gini ya yi shawara da maƙwabcin da ya riga ya kafa faranti, don kada abin da ake iya gyarawa a zaure ya kai gaban alƙali.

Allah ya sa a gane, ya ba da ikon kiyayewa, amin. Wassalam.