ARAHA BA TA ADO A KASUWAR CANJI

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, maganar Dala ta wuce bakin 'yan canji na Wapa a Kano, ta shiga ofisoshin gwamnati da ɗakunan kwanan ɗalibai. Dalar da ake samu a kan Naira 460 da 'yan kai a hukumance kafin wannan mataki ta haye Naira 1,500 a cikin 2024. Ma'aikacin da ya ga albashinsa yana narkewa a hannunsa, ba abin mamaki ba ne in ya kasa kunne ga masu cewa da wayar hannu kaɗai mutum zai iya cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje, watau abin da samari ke kira foreks, ya ci riba yana zaune a kan kujerarsa.

Ba a shiga wannan kasuwa sai ta hannun dillali, kuma kowane dillali rantsuwa yake yi cewa shi ne mafi araha. Wannan ya ce ba ya karɓar la'ada, wancan ya ce da Dala 10 ma ana buɗe asusu a wurinsa. Wannan jarida tana ganin cewa duk wanda ya riga ya ƙudura niyyar shiga, wajibi ne ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafa arahar da kansa, domin abin da ake rubutawa a talla shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abin da za a caje shi.

Dillali dai ba sadaka ya fito yi ba. Kamar yadda ɗan canji yake sayen Dala a wani farashi ya sayar a wani, haka dillalin foreks yake da farashin saye da na sayarwa, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Ana auna wannan rata da ɗigo, watau 0.0001 na farashi. A cinikin Yuro da Dala, in mutum ya ɗauki Yuro 10,000, kowane ɗigo centi 100 ne, watau Dala ɗaya. Alal misali, a ce ga dillali mai kirarin ba ya karɓar la'ada, amma ratarsa ɗigo ɗaya da rabi ce; kowace shiga da fita za ta ci Dala 1.50. Ga kuma wani mai karɓar la'adar centi 70, amma ratarsa kashi biyu cikin goma na ɗigo ce. Nasa centi 90 ke nan gaba ɗaya. Ashe mai la'adar ya fi mai kirarin kyauta sauƙi.

To, a ƙara lissafin gaba kaɗan. Wanda yake ciniki sau biyar a yini, kwana ashirin a wata, ya yi ciniki ɗari ke nan. A wurin dillali na farko ya biya Dala 150, a wurin na biyu Dala 90. In jarinsa Dala 500 ne, to, kashi 30 cikin ɗari ko kashi 18 cikin ɗari na jarin ya tafi a kuɗin dillanci kawai cikin wata guda, tun kafin a zo maganar ko hasashensa ya yi daidai. Dala 500 kuwa, a farashin 2024, Naira 750,000 ce, fiye da albashin wata goma na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekara.

Bayan rata da la'ada akwai kuɗin kwana, wanda ake lissafawa duk daren da ciniki ya kwana a buɗe, kuma asalinsa bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin ƙasashen biyu. Dillalai da yawa suna da asusun da suke kira na Musulunci, inda suka cire wannan, amma sau da yawa sukan mayar da shi da sunan kuɗin hidima, ko su faɗaɗa rata. (Wanda abin ya dama ta fuskar addini ya sani cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 2006 cewa cinikin da aka gina a kan rancen dillali bai halatta ba, sauya wa asusu suna bai amsa wannan ba.) Daɗin daɗawa, akwai farashin da dillali zai canza wa mutum Nairarsa zuwa Dala wajen zubawa, da wanda zai mayar masa wajen cirewa, da kuɗin cirewar kansa.

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in an gwada su da rancen da dillalai suke tallarsa kamar wata alfarma. Sukan ce da Dala ɗaya mutum zai juya Dala 500, wasu ma har 1,000 ko fiye. Mai jarin Dala 500 da ya yi amfani da ninki 500 yana riƙe da cinikin Dala 250,000 ke nan, kuma in farashi ya karkace masa da kashi 0.2 cikin ɗari kacal, jarinsa ya ƙare ƙurmus. Irin wannan motsi kuwa kasuwa takan yi shi kafin mutum ya gama shan shayi. Dillali yana son ninki mai yawa ne domin gwargwadon girman ciniki gwargwadon abin da yake samu a rata. Saboda haka ne hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta ƙayyade ninkin a kan 30 ga manyan kuɗaɗe a 2018, bayan da ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan 'yan ciniki asara suke yi. Ta kuma tilasta wa kowane dillali ya rubuta a tallarsa kashi nawa ne na abokan cinikinsa suke asara, ta hana a bi mutum bashin abin da ya wuce jarinsa. A Amurka iyakar ninki 50 ce, a Japan 25.

Wannan doka ta hana bin bashi tana da tarihi. Ranar 15 ga Janairu, 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye ba zato daga tsare farashin kuɗinsa a kan 1.20 ga Yuro, farashi ya yi tsalle cikin 'yan mintoci, mutane da yawa suka wayi gari jarinsu ya tafi, ga kuma bashi a kansu. Kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe, FXCM kuwa sai da ya ranto Dala miliyan 300 kafin ya tsira. Shi wannan FXCM ɗin, a 2017 hukumar Amurka ta ci shi tarar Dala miliyan 7, ya kuma fice daga kasuwar ƙasar, saboda ya gaya wa abokan cinikinsa cewa ba shi da wata riba a cikin asararsu, alhali yana da hannu a kamfanin da ke tsaye a ɗaya ɓangaren cinikinsu. In haka ta faru a inda hukuma take da ido da haƙori, ina ga inda babu?

A nan ne mafi yawan 'yan Nijeriya suke faɗawa rami. Babban dillali yakan yi rassa da yawa masu suna iri ɗaya: ɗaya da lasin Ingila, ɗaya da na Saifurus, ɗaya kuma a wani tsibiri mai nisa. A talla lasin Ingila ake nunawa, amma a takardar yarjejeniyar da ɗan Afirka yake sa wa hannu, galibi sunan reshen tsibirin ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ke ƙarƙashin reshen Ingila, in kamfani ya karye, akwai asusun diyya da zai biya shi har fam 85,000; a Saifurus har Yuro 20,000. Hukumar tsibirin Sen Binsent kuwa ta sha faɗa da bakinta cewa ba ta ba da lasin dillancin foreks, ba ta kuma sa ido a kansa. Saboda haka kafin mutum ya tambayi rata, ya fara karanta sunan kamfanin da ke cikin yarjejeniya, ya nemi lambar lasinsa a rajistar hukumar da aka ambata, sa'an nan ya zuba kaɗan ya gwada cirewa ya ga kwana nawa za ta ɗauka.

Akwai kuma waɗanda ba dillalai ba ne ko kusa. Kamfanin MBA na Fatakwal ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 15 cikin ɗari kowane wata da sunan foreks, ya daina biya a ƙarshen 2020. CBEX ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe a watan Afrilu na 2025, har masu ajiya suka far wa ofishinsa a Ibadan. Dillali na gaskiya ba ya alkawarin riba, domin ba a hannunsa take ba.

Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta mayar da gudanar da dandalin foreks ba tare da rajistar Hukumar Kula da Hannayen Jari ba laifi, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da zai kai shekara goma, ga masu tsarin damfarar a karɓi na baya a biya na gaba. Madalla da wannan. Sai dai Kenya ta kafa ƙa'idojin ba irin waɗannan dillalai lasin tun 2017, don haka Nijeriya a makare take. Ya kamata hukumar ta riƙa buga sunayen masu rajista a jaridu da gidajen rediyo, da Hausa da sauran harsuna, ta ƙayyade ninkin rance, ta kuma wajabta wa kowane dillali da ke talla a ƙasar nan ya rubuta kashi nawa ne na abokan cinikinsa suka yi asara a shekarar da ta gabata, da haruffa masu girman waɗanda ya rubuta arahar da su.