Hawan Jini Ba Ya Sallama

Ya kai ɗalibi mai karanta wannan shafi, da ku iyaye da za a karanta maku shi a gida, ina roƙon kowa ya ɗora yatsunsa biyu a wuyan hannunsa, daidai ƙasan babban yatsa. Za ka ji wani abu yana bal-bal. To, wannan bugun zuciyarka ne. Babban mutum idan yana hutawa takan buga masa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, ta yaro kuwa ta fi haka sauri. A yini da kwana takan buga kimanin sau 100,000, kana barci kana farke, ba ta taɓa neman izininka ba. A aji mun saba yin magana kan zuciya ta fuskar niyya da ikhlasi. Yau tsokar kanta nake so mu duba, domin ita ma amana ce a hannunmu.

Girman zuciyar mutum bai wuce dunƙulen hannunsa ba. Tana tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu. A cikinta akwai ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, da ƙofofi masu buɗewa ta gefe guda kawai don kada jini ya koma baya. Ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu. A can jinin zai sauke gurɓatacciyar iska, ya ɗauki iskar oksijin da muka shaƙa. Daga huhu sai ya dawo ɓangaren hagu, wanda ya fi ƙarfi, shi kuma ya harba shi tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma cikin kusan minti ɗaya zuciya take zagaya da shi duka.

Hanyoyin da jinin yake bi mu Hausawa duk jijiya muke ce masu, amma iri uku ne. Akwai masu kauri da suke fita da shi daga zuciya, irin wadda ka taɓa ɗazu. Akwai ƙanana da suka fi silin gashi siranta, waɗanda ta nan ne abinci da iska suke shiga nama. Sai masu mayar da shi zuciya, irin waɗanda kake gani a bayan hannun kakarka.

Kada wani ya ce wannan karatun boko ne, babu ruwan ɗan Islamiyya da shi. Ibnu Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya, kuma likita ne. Likitocin da suka gabace shi sun ɗauka jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan huji a bangon zuciya. Shi ne ya rubuta cewa babu waɗannan hujin, ta huhu jinin yake bi. Sai a shekarar 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana cikakken zagayen jini a jiki.

To, ina amfanin sanin wannan? Amfaninsa shi ne mu gane hawan jini. Ka taɓa danne bakin tiyo da yatsa ka ga yadda ruwa yake fita da ƙarfi? Haka jini yake yi idan jijiyoyi suka tsuke ko suka yi tauri. Ana auna wannan ƙarfin da lamba biyu: ta sama lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa lokacin da ta saki. Mai lafiya akan same shi wajen 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, likita zai ce yana da hawan jini. Shekara da shekaru zuciya tana turi da ƙarfin da ya wuce ƙima, sai ta yi kauri ta gaji. Ƙoda ta lalace, gani ya ragu. Wata rana kuma wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe.

Abin tsoro shi ne wannan baƙo ba ya sallama. Mafi yawan masu shi ba sa jin ko ciwon kai. Mutum yana noma, yana kasuwa, yana sahun gaba a masallaci, kwatsam sai a ga baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Nan take sai ka ji ana cewa iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, har a fara zargin kishiya ko abokin kasuwa. Haba jama'a! Ga mara lafiya kwance, ga kuma zunubin zato a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a ƙwaƙwalwa matsalar take. Duk mintin da aka ɓata, wani sashe nata yana mutuwa don jini bai isa gare shi ba. Ra'ayina a nan bai da kwana-kwana: a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a. Addu'a kuwa ba ta buƙatar a tsaya, a yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadonsa. Kuma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, don yana iya kasa haɗiya ya shaƙe.

Na san abin da wasu iyayenmu suke cewa. Wani ya ce, "Ni ba ni da damuwa, me zai sa mini hawan jini?" Baba, damuwa ɗaya ce cikin dalilai. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba, akwai yawan gishiri da rashin motsa jiki. Wata kuma ta ce, "Maganin nan idan ka fara ba a dainawa, gara kada in sani." Gaskiya ne yawanci ba a dainawa, Inna, domin maganin riƙe ciwon yake yi kamar linzami, ba ya kore shi. Amma wanne ya fi sauƙi, haɗiyar ƙwaya kowace safiya, ko kwanciya sai an juya mutum? Wanda kuma ya fara sha ya ji garau, maganin ne yake aiki, kada ya ajiye shi. Idan azumi ya matso, a tambayi likita yadda za a tsara lokacin sha.

Sauran aikin yana madafa da kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, don haka mai jefa uku a tukunya ta ƙara da barbaɗa gishiri ta lura. A yawaita ganye irin su zogale da alayyafo, a bar taba, a riƙa takawa da ƙafa. Mai juna biyu kuma a bar ta ta je awo, domin hawan jinin ciki yana iya kai wa ga jijjiga, ya tafi da uwa da ɗa. Maigidan da ya hana, ya san za a tambaye shi.

Kai kuma ɗalibi, ga aikin gida da ba na allo ba. Cikin ladabi ka tambayi mahaifinka da mahaifiyarka yaushe rabon da a auna jininsu. Idan sun ce ba su taɓa ba, ko an daɗe, ka roƙe su su je asibiti mafi kusa a wannan makon. Awon ba ya ɗaukar minti biyar, babu allura, babu zafi. Ka rubuta masu lambobin biyu da kwanan wata a takarda, a ajiye don zuwa na gaba. Wannan ma yana cikin kyautata wa iyaye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka. Wassalamu alaikum.