Zinare na birni, ƙura ta ƙauye



Yau ma maganar ƙura zan yi. Na san wasu sun gaji da jin ta daga bakina. Su yi haƙuri, don har gobe ana shaƙar ta.

Shekarar 2010 ba ta yi nisan da za a ce an manta ba. A Yargalma da Dareta da Abare da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka na jihar Zamfara, yara suka dinga jijjiga suna suma. Wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, wani ya ce iska ce. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura, aka auna jini, sannan aka gane gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. Dutsen da ake fasawa don neman zinare akwai dalma a cikinsa. Aka kwaso shi gida, aka daka a turmi, aka zuba a injin niƙa irin na hatsi, a bushe. Ƙura ta kwanta a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Wanda ya tsira da ransa ma, in dalma ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta taɓa ke nan.

Aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya iso ta. Muka ce an ɗauki darasi. Ina! A 2015 sai ga gubar a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Dutse iri ɗaya, niƙa iri ɗaya, ƙura iri ɗaya.

To wa ke da alhaki? Kullum lebura ake nuna wa yatsa, wai jahili ne, wai ba ya jin magana. Ni kuwa uban rami nake nema. Uban ramin da ke ba da kuɗin abinci da na man inji, ya zauna a birni cikin sanyin fanka, sai an wanke an ƙona a kai masa ya ɗora a sikeli. Uban rami ya san farashin giram na yau tun kafin ya karya kumallo. Amma ku tambaye shi nawa ne tankin ruwan da za a jiƙa dutse kafin a niƙa, sai ya ce muku kasuwa ba daɗi. Ku tambaye shi wurin wanka da tufafin aiki, don kada lebura ya kai ƙura ɗakin matarsa a jikin riga, sai ya ce ai ba kamfani ya buɗe ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ba wani ilimin boko mai zurfi ake nema ba. A niƙa da ruwa. A niƙa a bayan gari. A yi wanka a can kafin a shiga gida. Yaro kada ya kusanci wurin. Wanne ne ya fi ƙarfin aljihun mai sayen zinare?

Bari ma in taɓo wani abin da ke ci mini rai, wato jaje. In rami ya rufta, kamar yadda ya faru a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a 2021, inda aƙalla mutum 18 suka mutu, nan da nan za ka ga motoci a jere. Buhun shinkafa, katan na taliya, a ɗauki hoto, a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. To amma ƙaddara ce ta hana a sayi icen tokare rami? Kuɗin man motocin jaje kaɗai da ya tokare ramuka nawa? Ita ƙura ma ba ta samun ko wannan jajen, tunda ba ta kashewa a rana ɗaya a gaban masu ɗaukar hoto. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, a cikin ɗaki, a bayan uwa.

An hana haƙa a Zamfara a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024. Wato injinan niƙa za su ƙaru. Saboda haka masu unguwanni da dagatai, ranku ya daɗe, ku ne ke ganin wanda ke shigowa da mota yana tambayar fili. Kafin a nuna masa inda zai haƙa, a tambaye shi ina ruwansa, ina wurin niƙansa, nisansa nawa da gidajen mutane. In ya ce babu kuɗi, a ce ya kai injin ƙofar gidansa na birni, ya niƙa a can, inda nasa 'ya'yan ke wasa.